Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kamfanonin Wasannin Intanet kan Faɗuwar Saba a Ranar Fitarwa

Zuwa ga shugabannin kamfanonin da ke ƙerawa da wallafa wasannin intanet, da daraktocin da ke tsayar da ranar fitarwa, da masu riƙe da lalitar kuɗin sabobi.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, muna fatan kuna lafiya ku da ma'aikatanku, musamman injiniyoyin da ba sa runtsawa duk daren da aka saki sabon wasa.

Mun rubuto ne a madadin mutanen da ke biyan kuɗin wasa tun bai fito ba, su sauke shi, wasu har su nemi hutu a wurin aiki, sai ranar da kuka ɗiba ta zo su wuni suna kallon lambar kuskure a allo. A cikinmu akwai 'yan wasa zalla, akwai kuma waɗanda kula da sabobi (manyan kwamfutocin da wasan ke gudana a kansu) da rumbunan bayanai ce sana'arsu. Don haka ba za ku ji mun ce "ku ƙaro sabobi kawai" ba, mun san abin ya wuce nan. Sanin nan ne ma ya sa muke cewa galibin wahalar ranar fitarwa a ofis aka yanke ta, watanni kafin ranar, sa'ad da aka zauna rabon kuɗi da lokaci aka ce wannan aikin ya jira.

Ba yau farau ba. Ranar 15 ga Mayun 2012 aka saki Diablo III, kuskure mai lamba 37 ya hana jama'a shiga har ya zama abin barkwanci a intanet. Ba a cika shekara ba, a Maris na 2013, SimCity ya durƙushe, sai da EA, kamfanin da ya wallafa shi, ta kashe wasu sassan wasan, har da gudun da ya fi sauri, ta kuma ba masu saye wani wasa kyauta don ban haƙuri. A Oktoban shekarar GTA Online ya riƙa ɓatar wa mutane da jaruman da suka ƙirƙira. Daga nan sai New World da Endwalker a 2021, Overwatch 2 a 2022, Payday 3 a 2023, Helldivers 2 da Microsoft Flight Simulator 2024 a shekarar 2024. Kamfanoni daban, na'urori daban, amma wurin karyewar kusan ɗaya ne. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, sai dai a wannan sana'a da alama kowa sai ya ɗanɗana nasa.

Koke na farko a kan ƙofar shiga yake, don nan ne ke fara karyewa, ba filin wasan ba. Kafin mutum ya ga jaruminsa, manhajarsa sai ta bi ta hannu huɗu ko biyar: sabar da ke tantance sunansa da kalmar sirri, wadda ke duba ko ya mallaki wasan, rumbun da ke ɗauko jarumi da kayansa da jerin abokansa, sannan wadda za ta nemo masa gurbi a duniyar wasan. A ranakun da ba komai mutane na shigowa ne jefi-jefi, ko da miliyan ne a ciki ƙofar ba ta jin nauyinsu. Ranar fitarwa kuwa kowa na danna maɓalli a minti guda, don ku da kanku kuka sa agogo mai ƙirga daƙiƙa a shafinku.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali. A ce ƙofar na iya shigar da mutum 500 a daƙiƙa, mutum 600,000 kuma suka iso tare. In za su tsaya a layi cikin tsari, minti 20 ya ishe su duka. Amma in manhajar da ke hannunsu an rubuta ta ne ta sake gwadawa duk bayan daƙiƙa 5, to ƙofar da aka gina don 500 tana karɓar ƙwanƙwasa 120,000 a kowace daƙiƙa. Ƙarfinta duk ya tafi wajen cewa a'a, ko 500 ɗin ma ba ta ƙara iya shigarwa. Waɗanda ke ciki su fara yankewa, su ma su dawo su shiga sahun masu ƙwanƙwasa. Shi ya sa za ku tada saba ta sake faɗuwa cikin minti biyu, ku tada ta sake faɗuwa. Maganin wannan yana cikin kowane littafin koyon sana'ar: in an ƙi manhaja, ta jira daƙiƙa 2, sai 4, sai 8, sai 16, har zuwa kamar minti ɗaya, a kuma ƙara wa kowa ɗan jinkirin da ya bambanta da na wani, don kada su sake dawowa tare. Layuka kaɗan ne a rubutun manhaja. Duk wasan da ya fito babu wannan, ba yawan jama'a ne ya kayar da shi ba.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa bayan an kashe sabobi don gyara. Ma'ajiyar wucin gadi da ke tsakanin wasan da rumbun bayanai, wadda kullum take amsa mafi yawan tambayoyi daga ƙwaƙwalwarta, tana tashi ne fayau. Kowace tambaya sai ta zarce rumbun kai tsaye, a daidai sa'ar da tambayoyin suka fi yawa a duk wata. Layukan haɗi zuwa rumbun ƙididdigaggu ne. Da sun cika, sauran buƙatu su taru a baya har lokacinsu ya ƙare, manhaja ta sake turo su. Ana iya cika ma'ajiyar da bayanan waɗanda suka yi wasa a kwanakin baya tun kafin a buɗe, a kuma buɗe ƙofar kaɗan-kaɗan, kashi biyar cikin ɗari, sai goma, sai ashirin, ana kallon yadda rumbun ke numfashi.

Na biyu, layin jira. Ba mu ƙi layi ba. Layi mai gaskiya ya fi lambar kuskure sau dubu, domin mutum ya san inda yake, ya tafi ya yi wani abu ya dawo. Abin da muka ƙi shi ne layin da ke zubar da mutum. A Disamban 2021, lokacin da aka saki Endwalker, sabon ƙarin wasan Final Fantasy XIV, mutum kan yi sa'o'i yana jira, ya gangaro daga dubbai zuwa ɗaruruwa, sai kuskure mai lamba 2002 ya rufe wasan ya mayar da shi baya. Square Enix, mai wasan, ta bayyana dalilai biyu: an ƙayyade masu jira a kowace cibiyar bayanai kada su wuce 17,000, sannan akwai wani tsohon kuskure tun daga fitowar wasan ta farko da ke sa manhaja ta yanke haɗinta da sabar layi ta sake ƙullawa duk bayan minti 15. Wanda intanet ɗinsa ya ɗan yi tuntuɓe a wannan daƙiƙar ya rasa wurinsa. Ku lura da wanda hukuncin ya fi faɗawa: mai raunin netwok, mai amfani da wayarles, wanda ke nesa da cibiyar. Kuskuren ya fi shekara goma a kwance, sai da dogon layi ya tashe shi. Da an taɓa gwada layin sa'a uku a ɗakin gwaji da an gan shi.

A Overwatch 2 kuma lambar layi ta riƙa tsalle, daga kaɗan ta koma dubbai, daga baya Blizzard, mai wasan, ta ce ashe layi biyu ne a jere, ɗaya a dandalinta na Battle.net ɗaya a cikin wasan. Mai jira bai san haka ba, sai ya ɗauka abin ya lalace, ya rufe ya sake buɗewa, ya ƙara wa ƙofar nauyi.

Layi marar tabbas kuma yana koya wa mutane mugun hali. In shiga ta yi wuya ba wanda zai fita. Mutum zai bar na'urarsa a kunne ya kwanta barci don kada ya rasa gurbi, gurbin da wani ke jira tun la'asar. Helldivers 2 sai da ya yi makonni biyu a kasuwa kafin a sa masa tsarin fitar da wanda ya yi minti 15 bai motsa ba. Ya kamata wannan ya zo tare da wasan tun ranar farko. Batun fifiko kuma, abin da ya faru a Path of Exile a Afrilun 2021 ya isa darasi: aka tsallakar da masu watsa wasa kai tsaye gaban layi, sauran jama'a na tsaye suna kallonsu suna wasa. Grinding Gear Games, mai wasan, ta ba da haƙuri ta ce ba za ta ƙara ba, kuma mun yaba. Muna dai roƙon kada wani ya jira sai ya maimaita.

Na uku shi ne wanda ya fi nauyi, wato shirin da ba a yi ba. Gaskiya ne cewa hayar na'urori a girgije, wato sabobin wasu kamfanoni da ake haya ta intanet, na ba da damar ƙara sabobin filin wasa cikin mintuna, domin ba su riƙe komai na dindindin, a kunna ɗari a kashe ɗari. Rumbun bayanai ba haka yake ba. Shi ne ke riƙe da gaskiyar wane ya mallaki wane takobi, kuma gaskiya ba ta rabuwa gida goma cikin gaggawa. Blizzard ta faɗa a makon farko na Overwatch 2 cewa tana ƙara wa rumbun 'yan wasa na'urori amma a hankali, saboda kowace sabuwa sai an kwafa mata bayanai, kwafar kuma ƙarin kaya ce a kan rumbun da ya riga ya gaji. A Oktoban 2021 ta yi irin wannan bayani kan Diablo II: Resurrected: akwai rumbu guda na duniya da rumbunan yankuna, ana yawan rubuta wa na duniyar, 'yan wasan zamani kuma suna buɗe wasa su rufe su sake buɗewa da saurin da tsarin shekara ashirin da suka wuce bai san da shi ba. Sai da aka taƙaita yawan buɗe wasa, aka sa layin shiga, aka fara farfasa aikin gida-gida. Johan Pilestedt, shugaban Arrowhead na lokacin, kamfanin da ya ƙera Helldivers 2, shi ma ya nuna cewa matsalar Helldivers 2 ba ta kuɗin sayen sabobi ba ce, ta aikin gyara rubutun manhajar baya ce. Sun ƙayyade masu wasa lokaci guda a 450,000, daga baya suka ɗaga zuwa 700,000.

Mun yarda da duk wannan, kuma shi ne hujjarmu a kanku. Ba a fafe gora ranar tafiya. In raba rumbu zuwa sassa aikin watanni ne, to a jadawalin watanni ya kamata ya shiga, kusa da tallan da kuke kashe wa maƙudan kuɗi don tara jama'ar da za su kayar da shi.

Za ku ce ai mun yi gwajin nauyi. Matsalar gwajin nauyi ita ce 'yan wasan bogi masu ladabi ne. Suna shiga sau ɗaya, da sabon asusu marar kaya, su bi hanya miƙaƙƙiya su fita. Mutum na gaske asusunsa ya shekara takwas, akwatinsa cike da kaya dubu, abokansa ɗari uku kowanne sai an sanar da shi cewa ya shigo, ya manta kalmar sirri ya nemi sabuwa, ya danna maɓalli sau goma da ya ga shiru. Masu Flight Simulator 2024 sun ce sun gwada da masu amfani na bogi 200,000, amma ranar 19 ga Nuwamba wata ma'ajiya ta cika, mutane suka maƙale a allon lodi, waɗanda suka shiga kuma wasu suka tarar babu jiragensu. Gwajin da ke da amfani shi ne wanda ake ƙara nauyi har sai wani abu ya karye, a rubuta me ya karye da a lamba nawa, a gyara, a ci gaba har na biyu ya karye. A kuma kashe wani sashe da gangan ana tsaka da nauyi a ga ko sauran za su tsaya. Gwajin da aka tsayar a kan adadin da ake fata, aka ga ya wuce lafiya aka tafa, bai gaya muku komai ba game da abin da zai faru in fatan ya yi ƙasa da gaskiya.

Akwai lokacin da ba wanda zai iya hasashe. Google, wadda sabobinta suka ɗauki wasan, ta bayyana cewa Pokémon Go a Yulin 2016 an shirya masa mafi munin yanayi a kan ninki biyar na abin da ake sa rai, sai ninki hamsin ya zo. Wannan uzuri ne na gaske. Amma ba zai zama uzurin kowa ba. Wanda ya sayar da wasa tun kafin fitowa ya san adadin da ya sayar. Ya san nawa suka sa shi a jerin abin da suke so, nawa suka riga suka sauke, a wane yanki suke, da ƙarfe nawa suke tashi aiki. Alƙaluman suna hannun sashen kasuwanci. Tambayar ita ce ko sun isa teburin masu kula da sabobi da wuri, kuma in sun isa aka ce ba za ta ɗauka ba, ko akwai wanda ke da ikon cewa a dakata.

Mun kuma san lissafin da ba ku cika faɗa a fili ba: cunkoson mako biyu ne, bayan nan jama'a za su ragu, gina wa mako biyu abin da zai zauna ba aiki asara ce. Lissafin ba wauta ba ne. Sai dai in kun zaɓe shi, to kada ku ci gaba da sayar da kujerar da babu. Square Enix ta dakatar da sayar da Final Fantasy XIV a tsakiyar Disamban 2021, lokacin da ƙarancin sassan kwamfuta a duniya ya hana ta samun sababbin sabobi, ba ta dawo da shi kasuwa ba sai ƙarshen Janairu, ta kuma ba masu biyan wata kwana 21 kyauta. Kamfani ya ƙi karɓar kuɗi a lokacin da wasansa ya fi farin jini. Ashe ana iyawa.

Na huɗu, ranar sabuntawa, wadda ta fi ranar fitarwa ban haushi domin a nan kun san jama'arku sarai. Yawanci abin da ke tsawaita gyaran sa'a biyu ya koma goma shi ne sauya fasalin bayanai. Sabon zubin wasan na buƙatar a taɓa bayanan kowane asusu; an gwada a rumbun gwaji mai asusu dubu goma ya ɗauki minti uku, a na gaske mai miliyoyi kuma ya kulle teburi ya tsaya. A Path of Exile na Afrilun 2021 ma tushen abin ke nan: aikin da ke sauya jarumai sannu a hankali kafin ranar ba a kunna shi ba, sai kowane jarumi ya zama ana sauya shi ne a bakin ƙofa, layi ya ƙi tafiya. Gran Turismo 7 ya yi sama da sa'a 30 a rufe a Maris na 2022 saboda matsalar da aka gano a sabuntawa ta 1.07 dab da sakinta. Hanyar kauce wa wannan sananniya ce. A fara ƙara sabon gurbi a rumbu ba tare da cire tsohon ba, a cika shi a hankali kwanaki kafin ranar, a sa sabar ta iya karanta duka biyun, sai komai ya lafa a goge tsohon. A ɗauki kwafin ajiya kafin a taɓa komai, kuma a taɓa gwada mayar da shi, a san sa'a nawa yake ci; kwafin da ba a taɓa mayarwa ba fata ne kawai. Sabon abu kuma ya zo da makunnin da za a iya kashe shi shi kaɗai, don kada sabon kanti ko sabon jadawalin gwanaye ya ja dukan wasan ƙasa.

Sai girman abin saukewa. Ana canza abin da bai kai rabin gigabait ba, amma saboda yana cushe a cikin ƙaton ƙunshi, mutum ya sauke gigabait talatin, na'urar kuma ta nemi ninkin haka na sarari don ta kwafa ta liƙa. Mai intanet na awo ya ƙone datarsa, mai jinkirin layi ya kwana yana jira, sabobin rarraba fayil su cushe tunda kowa na ja a sa'a ɗaya. In ɓoye abin da ke ciki ne damuwarku, ku ba da fayil ɗin a kulle kwana biyu kafin ranar, ranar ta zo ku saki makullin, wanda bai fi 'yan baitoci ba.

Na biyar gajere ne. Wasan da mutum ke yi shi kaɗai ba shi da dalilin mutuwa don sabarku ta mutu. An ce SimCity ba zai yiwu ba sai da saba, a Maris na 2014 aka fitar da tsarin yin sa ba intanet. Diablo III da ya ƙi buɗuwa a kwamfuta sai da haɗi, da ya zo na'urorin wasa na gida ana yin sa ba haɗi. Ranar da Gran Turismo 7 ya rufe, wanda ke son tseren kansa shi kaɗai ma an rufe masa mafi yawan wasan. Last Epoch kuwa ya sha tasa wahalar sabobin a Fabrairun 2024, amma da yake yana da tsarin da ba ya neman intanet, wanda ya saya ya sami abin yi.

Na shida, asarar da ke bin bayan faɗuwar. Mutum ya gama aikin sa'a guda, saba ta yanke kafin ta rubuta, ladar ta tafi. Wani ya sayi kuɗin cikin wasa, allo ya tsaya, ya sake dannawa, aka cire masa sau biyu bai ga ko ɗaya ba. Alhali in kowane ciniki na ɗauke da lambar shaida tasa, saba za ta gane maimaici ne ta ƙi cira ta biyu. Wani an yanke shi a tsakiyar gasa, tsarin ya ɗauke shi a matsayin wanda ya gudu, ya rage masa maki ya kuma dakatar da shi. Agogon kuɗin wata, da na kakar wasa, da na abin ƙara maki mai wa'adi, duk suna tafiya ana cikin duhu. A Steam, kantin sayar da wasanni na intanet, ƙa'idar mayar da kuɗi ita ce cikin kwana 14 kuma wasan bai kai sa'a biyu a buɗe ba, agogon kuma bai san bambancin wasa da jiran layi ba. Ke nan mutum na iya cinye damarsa ta neman kuɗinsa bai taɓa ganin cikin wasan ba.

Na ƙarshe, shiru. "Muna sane, muna bincike," sai a yi sa'a shida ba ƙari. Saƙon da ke allo kuma ya ce wa mutum ya duba intanet ɗinsa, ya tashi ya kashe rauta ya kunna, ya goge wasan ya sake sauke gigabait tamanin, alhali laifin na can wurinku. Shafin da ke nuna lafiyar sabobi wani lokaci yana zaune a kan na'urorin da suka faɗi, ko yana nuna kore har sai wani ya tuna ya canza shi da hannu. Roblox ta amsa a rahotonta cewa a faɗuwar sa'a 73 ta ƙarshen Oktoban 2021, kayan sa idonta sun dogara ne da tsarin da ya lalace, wato makanta ta same su a lokacin da suka fi buƙatar gani. Harin DDoS kuma, wato cika saba da buƙatun bogi da gangan don ta faɗi, gaskiya ne yana faruwa, ya faru ga Warlords of Draenor na wasan World of Warcraft a 2014 da Overwatch 2 a 2022, amma ya kamata a faɗi wane kaso na matsalar ne nasa, kada ya zama bargon rufe sauran.

Saboda haka ga abin da muke nema.

Ku sa layin shiga a cikin kowane wasa tun ranar farko, ko kuna ganin ba za a buƙace shi ba. Ya zama layi ɗaya, mai nuna matsayi na gaskiya da ƙiyasin lokaci, mai riƙe wa mutum wurinsa aƙalla minti goma in haɗinsa ya yanke, haka ma wanda aka yanke daga cikin wasa ya dawo ba tare da sabon layi ba. Kada a tsallakar da kowa.

Ku ba shugaban masu kula da sabobi ikon dakatar da fitarwa a rubuce. Alƙaluman saye da saukewa su riƙa isa gare shi kowane mako. Ku yi gwajin jama'a na gaske kafin ranar, a buɗe ga kowa a sa'a guda, kuma ya zama da tazarar da za ta isa a gyara abin da aka gano, ba kwana uku kafin fitarwa ba. Ku buɗe yanki-yanki in zai yiwu. In kun ga ƙarfin bai kai ba, ku tsayar da sayarwa da talla har ya kai.

Ku tsara tun farko abin da za a fara kashewa in nauyi ya yi yawa: jadawalin gwanaye, sanarwar abokai, kanti, kayan ado. Kanti ya riga wasan rufewa, ba wasan ya riga kanti ba. Duk abin da mutum zai iya yi shi kaɗai kuma ya yi aiki ba saba.

In an faɗi, agogon duk abin da aka biya ya tsaya da kansa, a ɗage hukuncin barin gasa na tsawon lokacin, a mayar da abin da ya ɓata ba sai mutum ya cika takarda ya jira mako uku ba. Ku da masu kantunan sayar da wasa ku daidaita yadda lokacin layi ba zai shiga lissafin mayar da kuɗi ba. Diyya ta zama irin abin da aka rasa: wanda ya rasa kwanaki a ba shi kwanaki, kamar yadda Blizzard ta ba da kwana biyar bayan Warlords of Draenor, ba hular ado ba.

Shafin lafiyar sabobi ya zauna a wani wuri dabam da wasan, a sabunta shi duk bayan minti 30 ko da ba sabon labari, a rubuta lokaci da agogon duniya na bai-ɗaya (UTC) don kowa ya lissafa nasa. Saƙon kuskure ya faɗi ƙarara ko matsalar daga wurinku take. Bayan ƙura ta lafa, cikin mako biyu, ku wallafa bayanin abin da ya karye, da dalili, da abin da aka canza. Epic Games ta yi haka a Fabrairun 2018 bayan Fortnite ya kai mutum miliyan 3.4 a lokaci guda ya yi ta tangal-tangal a ƙarshen mako, ta jera matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Injiniyoyin wasu kamfanoni sun ƙaru da shi, su ma 'yan wasan sun ga ba raina musu hankali aka yi ba.

Abu ɗaya kuma game da ma'aikatanku. Muna nesanta kanmu daga masu zagi da barazana ga injiniyoyi da masu amsa ƙorafin jama'a. Ba su suka sa ranar ba, ba su suka yanke kasafin ba. Ku daina sakin manyan sabuntawa da yammacin ranar ƙarshe ta mako ko dab da hutun ƙarshen shekara, ku shirya musu karɓa-karɓa ta yadda wanda ya yi sa'a ashirin ido biyu ba shi ne zai taɓa rumbun bayanai da asuba ba. Ranar da abu ya lalace kuma, wanda ya sa hannu a kan ranar fitarwa shi ya fito ya yi bayani da sunansa.

Muna jiran amsarku a rubuce, kowane kamfani ya faɗi waɗanne daga cikin buƙatun nan ya riga ya cika, waɗanne kuma zai cika kafin wasansa na gaba.

Mun gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Naku,
Wasu daga cikin 'yan wasa da masu sana'ar kula da sabobi.